Likitar da ta gane wasana

Arlit, Talata 4 ga Maris, bayan isha'i

Na zaɓa! A Yamai za a yi mini aikin, ba Tamanrasset ta Aljeriya ba. Ciwon dajin da ya ɗauke Inna da yayata, ba zan zauna jiransa ba. A cire nonon tun bai kama ba.

Ɗazu a waya likitar Yamai ta ce, "Hajiya, maigida ya yarda?" Na miƙa wa jikana Sani direba wayar, na ce ga mijin nawa. Ya daburce: "Haba Kaka!" Ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ango, shirya, kai za ka yi jinyar amaryarka."

Gabana yana faɗuwa, gaskiya. Amma wadda za ta sa mini wuƙa, gara mai gane wasana. A Aljeriya wa zan tsokana?