Tafarnuwa Daga Ƙetaren Teku

Weihai, ƙasar Sin
Farkon bazara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi ya sake ku a Uisong. Yaya ƙafar Baba? Yaya mijinki, da 'yarki Hye-ok can a Gumi? Mu nan lafiya lau.

Duk lokacin da na buga waya Baba ke ɗauka, da ya ji muryata sai ya kife ta. Shi ya sa na koma takarda, tun da ke ce ke karɓar wasiƙu a gidan.

Abu biyu ne a bakina. Na farko, maganar da kuke ji a rediyo gaskiya ce. Gwamnatinmu da ta Sin sun sa hannu: su za su ci gaba da sayen wayoyin hannunmu, mu kuma za mu buɗe wa tafarnuwarsu ƙofa, a sassauta kuɗin fito. Kamfanin tafarnuwa da nake wa aiki ya riga ya kama jiragen ruwa. Yaya, nan gonar tafarnuwa ido ba ya ganin ƙarshenta. Ki lallashi Baba ya rage shuka, ya gwada tuffa ko barkono, tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na biyu, matata ta sauka. Namiji ne. Ga hotonsa nan a ciki. Na san Baba bai yarda da auren ba, amma jikansa ne na wajen ɗa, kuma kaka ke raɗa suna a gidanmu. Ba za mu sa masa kowane suna ba sai wanda Baba ya zaɓa.

Ki gaishe da Gwaggo. Ki kula da kanki.

Ƙanenki,
Yong-dal

*

Uisong
Ƙarshen bazara

Yong-dal,

Na amsa gaisuwarka. Kana tambayar ƙafar Baba, to bari in ba ka labarin abin da ƙafar ta yi.

Ranar kasuwa manoma suka taru a gaban ofishin gunduma, aka aske wa dattawa kai ƙwal don nuna fushi. Baba na zaune a kujera, askan na bin kansa, sai tsohon nan Mun mai shagon iri ya ɗaga murya: “Dattijo Byon, aski kake yi wa wa? Ai ka rubuta wa ɗanka kawai ya tsayar da jirgin!” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Bar shi, shi ya ci riba biyu, uba na noma ɗa na fito.”

Da muka koma gida bai ko cire takalmi ba. Ya tada injin huɗa ya shiga gonar gangare. Tafarnuwar nan ta yi kai, saura kaɗan a cire, irin mai 'ya'ya shida da kakanmu ya bar mana. Ya bi ta kunya-kunya ya kife ta cikin ƙasa. Na riƙe masa riga ina ihu, ya ce, “Sake ni, Mal-sun. Gara ƙasa ta ci da in kai kasuwa a taya ta kamar tsakuwa.” Har yau kwarin nan warin tafarnuwa yake.

Ka ce ya shuka tuffa. Mutum mai shekarun Baba zai dasa itace ya jira? Kai dai ka iya ba da shawara daga nesa, hannunka fes.

Na nuna masa hoton. Ya juya fuska bango ya ce ba shi da ɗa, balle jika. Ku sa wa yaron sunan da kuka ga dama, ai akwai sunaye da yawa a can.

Ni da aka sa wa suna Mal-sun don in zama ƙarshen 'ya'ya mata a samu namiji, ni ce nan ina wanke masa ƙafa. Namijin da aka samu yana can.

Ka zauna lafiya.

Yayarka

*

Weihai
Tsakiyar damina

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci, amma ba zan haɗiye komai in yi shiru ba.

Ba ni na sa hannu a yarjejeniyar nan ba. Ko na bar aikin yau, gobe wani zai loda jirgin. Kuma tun da kin ɗauko maganar hannu fes, a ina Hye-ok take aiki? Ba a masana'antar waya ba? Lokacin da Sin ta rufe wa wayoyinmu ƙofa, ba ke kika ce an sallame su gida ba, kina kuka? Tafarnuwar Baba aka bayar aka fanshi aikin 'yarki. Firjin adana kabejin kimchi da ta saya miki, ki buɗe shi ki shinshina, za ki ji warin gonar gangare.

Matan da ke ɓare mana tafarnuwa a nan yatsunsu duk sun saɓule, wasu da haƙori suke ƙarasawa. Su ma 'ya'yan manoma ne. Babu wanda ya ci riba a cikin waɗanda ke taɓa ƙasa, ko nan ko can.

Yaron har yanzu ba shi da suna, Ƙaramin muke ce masa. Zan jira. Da bikin kaka zan zo da shi, ko da Baba zai jefe ni da sandarsa. In jikin Baba ya motsa kafin nan, ki buga mini waya ko da wane lokaci ne. Jirgin ruwa na tashi zuwa Incheon kullum.

Ki yi haƙuri da kaifin bakina.

Ƙanenki,
Yong-dal

*

Uisong
Gab da bikin kaka

Yong-dal,

Bayan gaisuwa, ba sai ka wahalar da kanka da tafiya ba. Baba ya rasu. Mun binne shi a tudun da ke saman gonar gangare, kusa da Inna.

Jikin ya daɗe yana ja da baya tun ranar huɗar nan. Da farko shinkafa ya daina ci, daga baya ko kunu ba ya wucewa. Ban kira ka ba don bai nemi ka ba.

Mijina ne ya sa rigar makoki ta rama, ya riƙe sanda, ya tsaya a matsayin ɗa yana karɓar gaisuwa. Ya yi kyau ƙwarai. Duk kwarin ya zo, har tsoho Mun, ya durƙusa yana kuka kamar ba shi ba. Wasu sun tambaya ina kake, na ce aiki ya yi maka yawa, lokacin lodi ne.

Abu ɗaya zai faranta maka rai. Masu dafa abincin makoki da buhun ɓararriyar tafarnuwa suka zo, na duba jikinsa, tambarin kamfaninku ne. Ka ga ashe ka halarta. Mutane sun sha miyar sun yaba.

Kada ka aiko da komai. Ba mu rasa komai ba.

Ka gaishe da iyalinka.

Yayarka

*

Uisong
Bayan bikin kaka

Yong-dal ɗana,

Gwaggonka ce. Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar rashi, ko da yake kai ya kamata ka tsaya mu gaishe ka. Idona ya yi rauni, ka yi haƙuri da rubutun.

Ni dai na yi fushi da kai ƙwarai. Na ce wane irin ɗa ne za a ce masa uba na mutuwa ya ce lodi ya fi? Haka Mal-sun ta gaya mana, haka ta gaya wa ubanka ina zaune. Kullum in na je sai ya ce, “Mal-sun, kin kira shi?” Ta ce, “Na kira, Baba, ya ce sai an gama lodi.” Sai ya ce, “To, aikin mutane ne,” ya juya.

Shekaranjiya muna wankin kabeji na ce mata, ko don jaririn nan ai ya kamata a sasanta. Don Hye-ok ta tsegunta mini an yi haihuwa, har an aiko da hoto. Na ce, “Yayana ya dai ga hoton kafin ya tafi ko?” Ba ta ɗago ba ta ce, “Wane hoto?” Na ce, “Ke, yarinya, dube ni.” Ta dube ni ido cikin ido ta ce, “Gwaggo, shekara nawa ina kwashe masa fitsari, ya taɓa tambayar ko na ci abinci? Sai wancan. To ya tafi yana tambaya.”

Ɗana, ubanka ya mutu bai san yana da jika namiji ba. Fushinsa na waya fushin tsoho ne, ya huce tun damina.

Na yi ta tunanin ko in yi shiru, na kasa. Amma ina roƙonka, ciki ɗaya kuka fito. Ita ma an ƙware ta tun tana goye. Kada ka rama.

Ka shafa mini kan yaron. Ku sa masa suna haka nan, ba kyau mutum ya daɗe ba suna.

Gwaggonka

*

Weihai
Tsakiyar hunturu

Zuwa ga uwar Hye-ok,

Bayan gaisuwa, wannan sanarwa ce, ba neman shawara ba.

Kin san gonar gangare da tudun da ke samanta Baba ya mayar da su sunana tun ranar da na dawo daga aikin soja. Shekara da shekaru kuna nomanta ke da mijinki ban ce komai ba. Daga bana an gama.

Kamfaninmu na neman wurin da zai gina rumbun sanyi a tsakiyar ƙasa, kusa da babbar hanya, inda za a riƙa sauke kayan da suka iso daga tashar jirgi. Na ba su gonar. Da ƙanƙara ta narke za a zuba siminti. Na ji kin sake shuka irin kakanmu a ciki. Ki cire in kina so, ko ki bari, injin ba ya zaɓe.

Manyan motoci za su riƙa bi ta ƙofar gidanki safe da yamma. Za ki saba. Za a ɗauki mata masu ɓarewa da cusa buhu, na ce a sa sunanki a gaba, ba a bin shekaru. Ana ba da safar hannu.

Tudun ban bayar ba. Ni ne ɗa, ni zan riƙa yanke ciyawar kaburbura, ni zan ajiye musu abinci ranar tunawa, a gidana, ba a naki ba. Kaka mai zuwa zan kawo yaron ya durƙusa wa kakansa. Ba sai kin fito ba.

Kada ki ga laifin Gwaggo.

Byon Yong-dal

*

Uisong
Watan ƙari

Yong-dal,

Ina gaishe ka. An gama zuba siminti, ya yi santsi.

Ka san a watan ƙari, na goma sha uku da ke faɗowa a wasu shekaru, ake tada kabari ba tare da an saɓa wa magabata ba. Na kira masu aikin. Mun tono Baba da Inna, an ƙone, na ɗauki tokar ni kaɗai na hau mota. Mijina bai san inda na je ba, Gwaggo ma haka.

Na mayar da ƙasar yadda take, na dasa ciyawa, tudun ya yi kyau. Ka kawo yaron ya durƙusa. Babu kowa a ciki.

Ka zauna lafiya.

Mal-sun