Kwalbar da Ta Biyo Kurkum

Anti Nuzhat, ki taimake ni don Allah, kaina ya ɗaure kuma biki ya matso.

A Multan nake, an sa ranar aurena da Tauqir, kuma ni na zaɓe shi. Na shiga zaman mayun, wato zaman lallenmu na nan, ina ƙunshe a ɗaki da kaya rawaya, ƙawaye na ta dirza ni da kurkum. Kamar yadda aka saba, daga gidan ango aka aiko kwaɓin kurkum ɗin. To a ƙarƙashin tiren sai ga wata 'yar kwalba naɗe a gyale, wai mahaifiyarsa ta ce in riƙa shafawa kullum. Me ya sa a ɓoye?

Anti, ni ba fara ba ce, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Amma ranar da suka zo ganina, ina miƙa wa mahaifiyarsa shayi, fuskata take kallo har shayin ya huce. A jikin kwalbar an rubuta sodium ascorbyl phosphate, wai yana sa fata haske. Haske kuma? 'Yar kawuna Rubab da irin wannan haske aka fara mata, yau kumatunta sun ƙone, ba ta fita sai da hoda. Na ɗiga a bayan hannu, babu zafi, babu wari, wannan shirun nasa ma ya ƙara tsorata ni. Yanzu kullum nakan zubar da kaɗan a magudana don a ga yana raguwa. Jiya mahaifiyar tasa ta aiko tana yabon wai na yi kyau. Ina son Tauqir, amma ina tsoron gidan da tun ban shiga ba aka fara gyara mini launi. Shin guba ce, ko magana ce aka faɗa mini a kwalba?

Mai zaman mayun, Multan

'Yata, tambaya biyu kika haɗa, bari mu raba su.

Sinadarin nan dangin bitamin C ne, an sarrafa shi don ya jure ajiya, abin da zafin Multan ke buƙata. Yana da sauƙi a fata, shi ya sa bai yi miki zafi ba. Aikinsa rage tabon ƙuraje ne a hankali, ba zai mai da ke fara ba. Irin man da ya ƙona Rubab yawanci zaiba ake zubawa a ciki. Duk da haka jabu ya yi yawa, ki aika wata 'yar'uwarki da kwalbar wurin mai kantin magani ya duba. Kada kuma ki fara sabon abu a fuska biki na gab.

Niyyar surukarki kuwa ba a rubuta ta a kwalba ba. Mai yiwuwa tabo ta gani ta ji nauyin faɗa, sai ta naɗe a gyale. Mai yiwuwa kuma zarginki gaskiya ne, na ga irinsu da yawa. Ki daina zubarwar nan, don kina nuna mata cewa kin yarda kina shafawa. Ki gode mata, ki tambaye ta cikin ladabi me ta gani a fuskarki, Tauqir yana wurin. Ki saurari amsarta, amma shi za ki kalla. Idan launi ne kuma ya sunkuyar da kai ya yi shiru, gara ki ji shirun nan yanzu, kina gidan ubanki.

Allah ya ba ki gidan da za ki shiga da fuskarki.

Anti Nuzhat