Randar Inna Hajara

Daren Asabar, Roni

Yau na biya ta ƙofar gidan Inna Hajara, ban ga randar ba. Sai shaidar gindinta a ƙasa, ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ni na jawo. Da ma'aikatan lafiya suka nemi hotunan yadda cuta ke yawo cikin jama'a, na zagaya gari da waya kamar wani babban masani. Na ɗauki ƙuda a kan tsire, na ɗauki moɗar nan ta kan randarta da kowane mai wucewa ke kafa wa baki. Ban sa fuskar kowa ba, har ina yaba wa kaina. Na manta duk garin nan an san randa mai shuɗin fenti. Tun rasuwar mijinta take cika ta sadaka, ladan ya kai masa.

Aka manna hoton a bangon asibiti, aka rubuta "Hattara". Jikarta ta gani.

Na shiga na durƙusa na gaishe ta, na kama dogon bayani. Ta bari na gama tsaf.

"Malam, cutar ta fito a hoton naka?"

Na ce, "A'a Inna, ba a ganinta."

"To, ni aka gani."

Hoton bai yi ƙarya ba. Amma da ita na fara nuna wa, da moɗa kawai za a canza. Ina fitowa wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya dubi wurin, ya ja babur ɗinsa ya wuce.