Ranar da Baba Ya Koma Kan Ruwa

Abono,
Litinin, 19 ga Agusta.

Zuwa ga yayana Kwarteng,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Dufie da yaran. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Iya dai ƙafar nan na damunta, amma ba ta hana ta zuwa coci. Ni da maigidana Amoako mun kawo yaranmu Pokuwa da Antwi hutu daga Kumasi tun makon jiya.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ba zan iya faɗinta ta waya ba. Jikinsa ya wuce yadda muke gaya maka. Tun farkon damina bai kira sunan kowa ba. Ni baiwar Allah yake ce mini, in na kai masa abinci ya yi godiya kamar baƙo.

Ranar Asabar yaran suka matsa sai an kai su tafki sun hau katakon nan da masunta ke hawa maimakon kwalekwale. Amoako ya aro biyu, muka sa musu rigunan hana nutsewa, na ƙulle dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi. Muna fita Baba ya bi bayanmu. Iya ta ce a maido shi, mutumin da bai san ƙofar ɗakinsa ba me zai nema a bakin ruwa. Na ce ta bar shi ya sha iska.

Muna isa ya wuce mu, ya tura katako ɗaya cikin ruwa, ya haye ya saki ƙafafunsa gefe da gefe, ya ɗauki sakaina biyu a hannu don tuƙi. Shekara shida rabonsa da kamun kifi, amma ko karkata katakon bai yi ba. Ya yafito Antwi. Har yau ban san abin da ya sa na ɗaga yaron na ɗora a gabansa ba. Amoako ya ɗauki Pokuwa a ɗayan, ya bi su a kusa, ni kuwa na tsaya ruwa iya gwiwa.

Sun ɗan yi nisa sai Antwi ya leƙa kallon kifi, ya zame. Kafin Amoako ya ƙaraso, Baba ya cafko wuyan rigarsa da hannu ɗaya ya maido shi. Daga inda nake na ji faɗan da yake yi, da muryar nan tasa ta da. Sunanka ya kira, Yaya. Ya ce sau nawa zai gaya wa Kwarteng ya matse katako da cinya, ai kifin ba gudu zai yi ba.

Da suka fito ya dube ni, ya kira sunana, ya ce Oforiwa matsoraciya, har yanzu iyakarta gwiwa ke nan. Na juya baya don kada yaran su ga hawayena. Ya zauna ya ci kifi biyu, ya ce an cika masa barkono, ya cire wa Antwi ƙaya yana ba shi a baki. Ban ce masa yaron ba kai ba ne. Washegari da na kai masa koko, ya sake ce mini baiwar Allah.

Likita ya ce irin wannan haske yakan zo ya wuce, kuma zai riƙa raguwa. Na san wahalar samun hutu a wurinku, ban kuma taɓa matsa maka ba. Wannan karon ina roƙonka, kada ka jira Kirsimeti. Wataƙila ba zai gane fuskarka ba, amma sunanka ne bai ɓace masa ba tukuna.

Iya tana gaishe ka, ta ce in rubuta cewa tana sa ka cikin addu'a. Amoako da Kawu Nyarko suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti Dufie, da Konadu, da ɗan autanku. Antwi ya ce in gaya maka yana riƙe maka sunanka, duk lokacin da Kaka ya kira shi yake amsawa, amma ka zo ka karɓi abinka kafin a koma makaranta.

Taka ƙanwa,
Oforiwa