Wuri Ɗaya Bisa Buhunan Albasa

Larba, 1 ga Maris 1978, Kaita

Na ba Alƙasim makullan ɗakin magani da hantsi. Shi ne sabon majo yanzu, mai riƙon likita, ɗan asibitin garinmu, ba ni ba. Na tuɓe farar riga, na rataya ta ga ƙusa, na hito. Mata na zaune bisa dakali da ɗiyansu, suna bi na da ido, na gaishe su na wuce. Shekara ashirin da wani abu ina allura, ina ɗaurin miki, ina ruhe idon waɗanda ba su tashi ba. Tun shekarun yunwa da ƙyanda hannuna ke aiki, zuciyata ba ta wurin.

Na yi kwana bayan azahar har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Ba wanda ya buga ƙofa. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 2 ga Maris

Ga shiri, in rubuta shi don kar in ja da baya. Kamyo, babbar motar albasa, daga Madawa zuwa Abijan. Daga can Kumasi, Lome, duk inda mota mai araha ta nuhwa. In kwana zango wurin Adarawa, in ci abin da anka samu. Shekara biyu, ko hiye. Saude, mai ɗakina, ta koma Galma wurin danginta har in dawo. Na hwaɗa mata tun watan jiya, ta ce "To." Dama tun da munka aurar da Biba, autarmu, maganarmu ba ta wuce ga tuwo, ga ruwa.

Lahadi, 5 ga Maris

Cikin gari ana cewa kora ta anka yi. Wasu sun ce iska ce ta taɓa ni. Na ji, na sha hurata.

Talata, 7 ga Maris

Wata mata ta zo har gida da ɗa mai zazzaɓi, wai ita hannun Majo Halidu ta sani. Na taɓa goshinshi, na ce ta kai shi ga Alƙasim, na raka ta har bakin likita amma ban shiga ba. Da na juyo ƙahwahuna sun yi sauƙi kamar na sauke buhu. Na ɗan ji kunyar wannan sauƙin. Kaɗan dai.

Juma'a, 10 ga Maris, Deule

Na zo neman albarkar Baba. Ya tsuhwa ƙwarai, amma kunne na nan. Bayan masallaci munka zauna ƙarƙashin rumhwa, na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni.

"Wa ya kore ka?"

Na ce ba kowa. Na gaji ne, Baba.

Na zaci zai yi maganar albashi da mutuncin gida, don shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, da hannunshi lokacin da kowa ke ɓoye ɗiya cikin rumbu. Sai ya shiga ba ni labarin yadda ya tahi Kumasi da ƙahwa shina saurayi, da yadda ruwan can ke zuba kwana da kwanaki. Ban taɓa jin wanga labari ba. Ya ce in bar shan ruwan kududduhi, in riƙe salla.

Da zan tashi ya ce, "Ita mai ɗakinka mi ta ce?"

Na ce ta ce to.

"Ka tambaye ta, ko ka hwaɗa mata?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Alhamis, 16 ga Maris

Na saida mobilet, ɗan babur ɗina. Radiyo na ba Alƙasim. Duk abin da ya bar gidan ga sai in ji numhwashina ya ƙara tsawo. Saude ma ta saida awakinta, har da jar da take ji da ita. Na ɗauka ba ta son wahalar kora su har Galma.

Asabar, 18 ga Maris

Yau magana ta hito hili.

Na biya wurin mai hoto in amshi nawa na kartidante, katin shaida. Ya miƙo mini, sai ya ce, "Na madam ma ya hito, ka tahi mata da shi." Na duba. Saude ce da kallabin sallarta, ta zare ido kamar wadda anka tsare ga duwan, wurin binciken kaya.

Na iske ta tana tankaɗe. Na aje hoton bisa tabarma, na ce wanga fa na mi ne?

"Na takarda ne, Majo. An ce ba a ƙetare iyaka sai da ita."

Na ce wace iyaka ke tsakanin Kaita da Galma?

Ba ta aje rariya ba. Abin da na riƙe cikin maganarta: "Duk shekarun ga, in an buga ƙofa kai aka ɗauka, ni a bar ni da jira. Kai ka gaji da likita, ni na gaji da jira. Ni ma ban taɓa wuce Tawa ba." Na ce guzurina na mutum guda ne. Ta ce ba ta roƙe ni guzuri ba, tana da tanda, tana da hannu, kuma duk garin da Allah ya yi akwai mai jin yunwa da sahe.

Na ɗaga murya. Ban tuna rabon da in ɗaga mata murya ba, ban kuma tuna rabon da mu yi magana mai tsawon wagga ba.

Lahadi, 19 ga Maris

Ban ci tuwo ba. Ta ruhe shi, ta aje.

Talata, 21 ga Maris

Tunda ba mai karanta wanga sai ni. Ba Abijan nike so ba, ban san ta ba balle in so ta. So nike in wayi gari inda ba wanda ke jiran komi gare ni. Ba mai ciwo, ba mai tambaya, ba mai kallona shina auna ko na ci ko ban ci ba. In ta biyo ni, ai na ɗauko Kaita ke nan na aza bisa mota.

Amma in ce mata a'a da wane baki? Ba ta yi mini laihi ba.

Asabar, 25 ga Maris

Biba ta zo daga Buza da kuka, wai mutane za su ce iyayenta sun zama 'yan yawon duniya. Uwar ta ja ta ɗaki. Ban san abin da sunka ce ba, sai can na ji dariya. Da za ta koma ta ɗauki turmi da kwanonin uwar, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka kula mini da Inna, mota na sa ta amai." Wato an gama magana ba da ni ba.

Juma'a, 31 ga Maris, Madawa

Mun iso. Ni da sak guda, jakar kayana, ita da ƙunshi da tanda da ɗan buhun gero. Mun sauka zauren wani ɗan Galma kusa da tasha. Gari duk warin albasa, buhuna jibge bakin gudron, hanyar kwalta, zahi kamar a gasa mutum. Na samu Rabo, direban da anka haɗa ni da shi. Ya dubi Saude, ya dube ni, ya ce bisa kaya za a zauna, rana da iska, kwanaki da yawa. Ta ce ta ji. Ya ce sai lodi ya cika.

Litinin, 3 ga Afirilu

Lodi bai cika ba. Ban damu ba, abin mamaki. Ina zaune inuwa ina kallon motoci, ba agogon da nike bi.

Saude ta kahwa tanda gindin iccen bedi tun jiya. Masu ɗaukar buhu sun yi mata layi, kahin hantsi masa ta ƙare. Har ta san wa ya je Abijan, wane zango ke da ruwa, wace unguwa ce ba a shiga da kaya. Ni da na yi wata da watanni ina shiri ban san rabin wanga ba. Wani ya tambaye ta ni wane ne, ta ce, "Maigidana ne, hutawa shikai." Ba ta ce majo ba. Ba wanda ya nuna mini ƙurji ko ya ce in duba mishi ido. Daɗin da na ji, sai Allah.

Talata, 4 ga Afirilu

Tana da wata dariya da ban sani ba, har da buga cinya. Ko dama tana da ita, ni ne ba ni gida?

Na ɗebo mata ruwa daga pampo. Ba ta sa ni ba.

Alhamis, 6 ga Afirilu

Rabo ya tashi yau da hantsi.

Tun da sahe ya kira ni gehe. Mai albasa ya sa mutanenshi su raka kaya, wuri ɗaya ya rage. Ya ce in zan tahi in hau yanzu, wata motar kuma bai san ranarta ba, wataƙila sati, wataƙila hiye, kuma ba lalle mai ita ya yarda da mace ba. Saude ta ji, don tana kusa. Ta goge hannu ga zane, ta shiga zaure ta ɗauko sak ɗina ta aje gabana. Ta ƙulla masa cikin takarda ta ɗora bisa.

"Hau, Majo. Ni in koma Galma. Dama haka ka shirya."

Ba da hushi ta hwaɗa ba. Da da hushi ne da ya hi sauƙi.

Na ɗauki sak na tahi har gindin mota. Na kewaya ta. Na ce ma Rabo tayar baya ta hagu ba ta yi mini ba, ta suɗe, ba ni hawa motar da za ta zubda ni cikin daji. Ya ce sabuwa ce, ranar kasuwa ya ɗaura ta. Na ce ni dai ban yarda da ita ba. Ya dube ni, ya dubi wajen bedi, ya yi murmushi, ya ce Allah shi haɗa mu Abijan. Wani ɗan Bangi ya haye wurin tun ban juya ba.

Na maida sak zaure. Saude na juya masa, ba ta ɗago ba. Sai da ƙarar motar ta ɓace ta ce, "Tayar nan lahiyarta lau. Na gan ta."

Na ce ke mi kin sani ga taya.

Ta miƙo mini masa mai zahi, na ci tsaye.

Ba wani abu ba ne, hankali ne kawai, mutum ba ya hawa kowace mota. Mu jira ta gaba. Da marece na shiga kasuwa na sayo mata malhwa, don ranar bisa kamyo ba wasa ba ce. Ta yi mata yawa, har ta ruhe mata ido. Gobe in koma in canzo.