Wane Ne Shafikul?

Maamobi, Litinin

Ƙanena Fataw,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Sudan? Tunda ka fi ƙarfin ɗaga waya, ga takarda na ɗauki hotonta na turo. Matarka Najat ta sauka jiya, namiji. Suna ran Lahadi. An sayi rago, kuma sunan marigayi Baba Mumuni za a sa, Mama ta gama magana. Kai kana can aikin soja kana gadin iyakar da Turawa suka zana suka yi tafiyarsu, mu an bar mu da aikin uba.

Yayarka,
Zuera

*

Yaya Zuera,

Wa'alaikumus salam. Alhamdulillahi! A gaida Mama da mai jego. Alfarma ɗaya nake roƙo: a sa wa yaron Shafikul.

Ƙanenki,
Fataw

*

Fataw,

Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake. Shafi wa? Ɗan unguwar Nima ne ko ɗan Kawukudi? Uban da ya yi dakon doya a kasuwar Agbogbloshie har bayansa ya ranƙwafa don ka yi makaranta, shi za ka ture saboda baƙo? Tun jiya Mama ba ta taɓa tuwo ba. Sannan wannan rubutun ba naka ba ne, ni na koya maka riƙe alƙalami. Wa ya rubuta maka? Kada ka raina mini hankali.

Allah ya shirye ka,
Zuera

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ki yi haƙuri. Abokin aikina Saaka ke rubutawa, hannuna na dama a naɗe yake, ina asibitin sansani. Mako biyu ke nan aka buɗe mana wuta muna rakiyar mata zuwa rijiya. Shafikul sojan Bangladesh ne, tare muke aikin kiyaye zaman lafiya. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, amma sahu ɗaya muke sallah, kuma shi ya cinye rabin yajin da kika aiko. Shi ya goyo ni zuwa mota, ya koma ɗauko wani, bai dawo ba. 'Ya'yansa uku, duk mata.

Na bar wa Mama hukunci.

Fataw

*

Fataw,

Sannu da jiki, shashasha. Mako biyu kana kwance ka ɓoye mana! Za mu haɗu.

An raɗa suna. Sai da liman ya maimaita sau uku kafin jama'a su iya faɗa. Mama ce da kanta ta ce a sa, wai Baba ya jira ɗa na gaba. Ta ce ka bincika ko uwar Shafikul tana da rai, a tura mata hoton jikanta.

Allah ya dawo mana da kai,
Zuera