Fitilar da Ba Mai Riƙe da Ita

Litinin, 3 ga Maris

Ni ne Darakta. Ni na rubuta labarin, ni na ɗauka, ni na yi wa jarumai tsawa har suka yi kukan gaske. Ranar da za a rubuta tarihin masu fim, a fara da ni, sauran su bi layi.

Fim ɗina ya kammala tun bara. Labarin wata fitilar ƙwai ce da ke tashi da kanta, tana bin ɗakunan wani tsohon gida tana neman yarinyar da ta saba kunna ta. Yana nan kwance cikin kwamfuta. Masu rarraba fim sun ce wata mai zuwa. Bara ma wata mai zuwa suka ce.

Ofis ɗaki biyu ne a saman shagon mai gyaran fanka. Yau ba wanda ya hawo. Na share, na goge tebur. Babban mutum ba ya gudun tsintsiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta yadda fitila ke tashi, don 'yan baya.

Da can zare ake ɗaura mata, mai kallo ya ga zaren ya yi dariya. Yanzu mutum ake samu a zura masa koren kaya tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, ko ido ba a bari sai ta raga. Ya riƙe fitilar ya yi ta yawo da ita. Daga baya Edita ya zauna gaban kwamfuta ya goge mutumin, hoto bayan hoto, kamar mai wanke allo. Ya goge inuwarsa. Ya goge har ɗan hotonsa da ya faɗa jikin gilashin fitilar. Sai ta rage ita kaɗai a iska.

Wanda ya sa koren kayan wani ja'irin yaro ne, tun lokacin ake ce masa Ɗan Kore. Ba wurin da fitila ta fito da ba ya ciki. Ya fi jarumin aiki, ya fi shi gumi. Ya fi shi kyau ma, in za a faɗi gaskiya, amma wa zai shaida?

Yaron ba ya jin magana. Ya taɓa laɓewa jikin koren labule ya ja wa jarumi kunne ana tsakiyar ɗauka, bawan Allah ya watsar da takalmi ya yi waje yana salati. Na yi masa faɗa. A ciki na yi dariya.

Laraba, 12 ga Maris

Masu sinima sun ce babu gurbi, sai manyan finafinai sun wuce. Manyan kuwa ba sa ƙarewa, wani na fita wani na cire takalmi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ɗan Kore ya juye gishiri a gwangwanin sukari don Edita. Edita bai zo ba. Ya koma ɗaukar bidiyon biki, ya ce can aƙalla ana kallon abin da ya yi. Mai kwalliya ta buɗe shago, mai hasken wuta ya bi wata tawaga. Tarkon ya kwana, ya sake kwana, har aka manta da shi.

Yau na haɗa shayi.

Ba dariyar kowa. Tsokana in ba wanda zai bi ka da gudu, ashe wahala ce kawai.

Talata, 1 ga Afrilu

Akwai maganar da nake ta kewayewa.

Uwar Ɗan Kore idonta na tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata sauri. Bara tana zura zare a allura. Yanzu fuskar mutum sai ya matso kamar zai yi mata raɗa. Haske ne kawai bai guje ta ba tukuna.

Kullum da safe kafin yaron ya fito: “Auta, ya fito?” Ya ce saura kaɗan, Inna. Ta ce, “To su hanzarta, ni ba fim ɗin ne ya dame ni ba, kai nake so in gani a ciki.” Ta gaya wa maƙwabta. Ta gaya wa mai kawo ruwa. Har likitan ta gaya wa.

Shi kuma bai taɓa faɗa mata an goge shi ba. Ranar farko wasa ya ɗauke shi, ya ce shi ne babban jarumi. Wasan ya girma ya fi ƙarfinsa.

Yadda na san duk wannan? Darakta ba abin da ke ɓoye masa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Masu saka fim a intanet sun amsa. Suna so a sake gyara sauti, a sa fassara a ƙasa, sannan su duba. Ba su ce za su karɓa ba, su duba.

Wani daga cikinsu ya ƙara da cewa siddabarun fitilar ya tsufa, wai yanzu yaro ma da waya zai sa ta tashi ba tare da an sa kowa cikin koren kaya ba. To wa ya tsufar da shi? Lokacin da muka gama sabo ne fil. A hannunku ya yi furfura.

Na daɗe ina kallon kayan a jikin ƙusa. Har yanzu gwiwar a huje take.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ba kowa. Fanka a ƙasa, mai gyara na gwada ta.

Litinin, 28 ga Afrilu

Jiya uwar Ɗan Kore ta kira ɗan maƙwabta Auta. Yana tsaye a gabanta, da rana tsaka.

Dokata ce, ni na kafa ta: ba mai kallon fim ɗin nan kafin ya fito, ko uwar da ta haife ni. Kwafi ɗaya ya fita, gobe ka gan shi a wayar kowa, aikin shekaru ya bi ruwa. Doka ce mai kyau. Edita kaɗai ya san lambar buɗe kwamfutar.

Ɗan Kore ya kira lambata yana son neman alfarma. Ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Manya haka muke.

Talata, 6 ga Mayu

Yaron ya bi Edita har wurin aikinsa, ya tsaya bakin ƙofa har aka tashi. Edita na ganinsa ya shafa aljihu, ya duba bayan rigarsa ko an manna masa wani abu.

“Me ka ƙulla kuma, ɗan nema?”

Ya ce ba komai. Sannan ya faɗa masa maganar idon uwarsa. Bai iya faɗa da wasa ba, ya gwada, muryar ta ƙi.

Edita ya ce ba kwafi, ba waya, ba hoto. A kawo ta ofis, ta kalla a nan, shi zai zauna a wurin. “Kuma in Darakta ya ji, ni da kai duk mun kaɗe.”

Ni dai ban ji komai ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ta zo. Ta sa mayafinta na fita unguwa, har da turare. Matakala ta ba ta wuya, tana laluben kowane hawa da ƙafa, tana cewa wane irin mutane ne ke yin fim a sama kamar tattabaru.

Edita ya durƙusa ya gaishe ta, ya ja labule, ya matso mata da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar.

Kafin a kunna aka faɗa mata. A tsaye, da sauri, ana kallon ƙasa. Inna, ba za ki gan ni ba. An goge ni. Aikin ke nan, a goge ni.

Ta ce, “Kunna dai.”

Jarumi ya fito, ta ƙanƙance ido. Yarinyar ta fito, ta tambaya ko mace ce ko namiji. Sai wurin ya yi duhu, fitila ta taso daga kan tebur. Ta gyara zama. Wannan kam tana gani, kanta na binta hagu da dama.

Fitila ta bi baranda, ta iso ƙofar ɗaki.

“Tsaya, ɗan nan. Mayar baya.”

Edita ya mayar.

“Ka gani? Ba ta shiga kai tsaye. Sai ta tsaya, ta leƙa, ta ja baya, sannan ta faɗa kamar an turo ta. Wannan munafukar shigar na san ta. Tun yana rarrafe haka yake shigo mini ɗaki in ya yi ɓarna.”

Edita ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ya ce wata nawa ya yi yana goge yaron nan, ashe bai gogu ba.

Ta kalla har ƙarshe. Duk inda fitila ta fito sai ta yi mata magana. “Riƙe da kyau, Auta, za ka zubar da kananzir.” “Kai, a hankali, matakala ce.” Labarin ba ta bi shi ba sam, ba ta ma san an ga yarinyar ba. Da aka gama ta ce fim ɗin ya yi kyau, sai dai mutanen sun yi yawa.

Wajen saukowa na riga ta, ta dafa kafaɗata. Ba ta ganin matakalar ko kaɗan. Ban san ya kai haka ba. Na riƙa faɗa mata, sauka, sauka, saura kaɗan. Ban yi mata ƙaryar ko hawa ɗaya ba, ni da ko hanya aka tambaye ni sai na karkata.

Na ga na rubuta “kafaɗata”. To, shi ke nan.

Darakta na gaske yana wani gari tun farkon shekara, yana bin ofisoshin masu rarraba fim da jaka a hammata, takalminsa ya cinye. Mabuɗi ya bar mini ya ce in riƙa sharewa. Bai san da littafin nan ba. Na ari muryarsa ne don ɗakin ya yi shiru da yawa. Gobe zan sake kiransa, in ya ɗaga in faɗa masa abin da muka yi da bakina, ya yi faɗan da zai yi.

Wanda ya rubuta duk wannan bai wuce makarantar allo ba, boko a jikin waya ya tsince shi. Ni ne na sha gishirin. Ni ne mai hujajjiyar gwiwa. Ni ne Ɗan Kore, Autan Inna.